Wainar Ramatu

Ku jikokina, ƴaƴan ɗana na fari, na san abin da aka gaya muku a kaina. An ce kakarku ta bar gidan miji a shekarar fara, ta bar ƴaƴa ƙanana ta koma ƙauye. Ba ƙarya aka yi muku ba, na tafi. Amma ba wanda ya gaya muku abin da ya fitar da ni, kuma manyan da suka sani duk sun riga ni kwanciya. Shi ya sa na zauna ina faɗa ana rubutawa, tun bakina yana iya magana.

Kakanku kukun kumandan ne, Nasaran da ke mulki a barikin Dogon Dutsi. Wajen wani tsohon soja ya koyi gashin burodi, kuma a garin nan duka ba mai hannunsa. Garin alkama daga nesa ake kawo shi cikin buhu, shi ke da mabuɗin ɗakin da ake ajiye shi. Burodin da ya kwana Nasara ba ya ci, sai a ce kuku ya ɗauka. Haka ya zama kullum da la'asar yana shigowa gida da ƙunshi a hammata, yara su ruga su tarye shi. A lokacin nan mutane da yawa a Arewa ba su taɓa ganin burodi da idonsu ba. Mata kan shigo gidanmu da sunan ɗibar wuta don kawai a ɓantara musu su kai wa ƴaƴansu. Uwar mijina, da muke kira Iya, ita ke rabawa, tana yi tana ɗaga kai. Ni ma ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Ƴar manoma ce ni daga wani ƙauye kusa da Tibiri, ga ni a gidan da ake cin abincin Nasara.

Ƴaƴana uku ne a gidan. Babanku shi ne babba, sai Ramatu, sai ƙaraminsu Illa. Ramatu lafiya lau aka haife ta, lafiya lau ta sha nono. Da aka yaye ta, Iya ta fara jiƙa mata burodi cikin kunu, ita kuwa ta so shi fiye da kome. Ba a daɗe ba zawo ya kama ta, wani irin zawo fari-fari mai maiƙo, mai warin da ba ya fita daga zane ko an wanke. Cikinta ya kumbura ya yi tauri, ƙafafunta suka sirance, gashinta ya yi ja ya fara zuba. Yarinyar da ke bin kaji da gudu ta koma zama a gindin turmi tana kallon mutane. Iya ta ce aljana Doguwa ce ta shafe ta. Muka kai ta wajen wata ƴar bori, aka yi turare, aka yanka jan zakara. Malam ya yi rubutu ta sha. Kakanku ya kai ta wajen likita a bariki, aka ce tsutsar ciki ce, aka ba ta wani gari mai ɗaci. Kowa ya yi iyakar abin da ya sani, yarinya kuwa tana ta ƙarewa. Shekara biyu muna cikin haka. Sa'o'inta suka wuce ta a tsawo, har Illa da ke bayanta ya kusa kamo ta.

Wata kaka kumandan ya fita rangadi ya tafi da kukunsa, suka daɗe ba su dawo ba. Gida ya koma kan tuwon gero da ɗanwake kamar gidan kowa. Ban lura da ranar da abin ya fara ba. Na dai wayi gari na ga ban wanke zanen zawo ba, washegari ma haka. Ramatu ta fara cewa tana jin yunwa. Wata safiya na fito na same ta tana jan wutsiyar akuya tana dariya, na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallonta, don na manta yadda dariyarta take. Iya ta ce zakaran ne ya karɓu. Da kakanku ya dawo, burodi ya dawo, kafin a yi kasuwa biyu yarinya ta koma gindin turmi. Na jira aka sake yin wani rangadin, abin ya sake faruwa kamar na farko. Daga nan zuciyata ta tsaya a wuri guda.

Na same shi yana alwala a tsakar gida na gaya masa. Ya ɗago ya dube ni.

"Ke kin san abin da kike hwaɗi kuwa? Abincin da kumandan ke ci da ɗiyanshi? Ga yayanta nan shina ci, ga Illa shina ci, mi ya same su?"

Na ce, "Ban sani ba, maigida. Su bai yi musu kome. Ita shina kashe ta."

Ya ajiye buta. Muryarsa ta yi ƙasa.

"In wagga magana ta hita gidan ga, ta kai bariki, aka ce burodina na sa yara ciwo, kin san mun tashi daga aiki. Ki rufe bakinki."

Na rufe bakina a waje, amma a cikin gida na hana ta burodi. Wahalar da ta biyo baya ban zata ba. Yarinya ƴar shekara biyar tana kallon ƴan'uwanta suna cin abin da ta fi so, ita an tura mata tuwo. Takan yi kuka har ta shiɗe. Iya takan ce ni muguwa ce, ta ɓoye ɓawon burodi a bakin zanenta ta ba ta in na tafi rijiya. Ba don mugunta take yi ba, tausayi ne. Sai na ga in ban samo wa Ramatu abin da za ta riƙe a hannu ta gatsa kamar sauran ba, ba zan ci nasara ba.

Na fara gwadawa da garin gero zalla a kan kasko, ya farfashe ya zama tsaki. Na gwada da wake. Nakan jiƙa shi, in surfa a turmi, in wanke ƙowar ta fita, in shanya ya bushe sarai, sannan in niƙa a dutse in tankaɗe har ya yi laushi. Shi ma da fari karyewa yake yi wajen juyawa. Sai na tuna abin da ke riƙe ɗanwake, na zuba ɗan garin kuka da ruwan kanwa. Ya kama. Na ƙara ɗan garin gero don ya rage ɗanyen warin wake, na ƙara tunkuza, wato abin da ke saura in an matse man gyaɗa, don ya yi gardi ya kuma riƙe ciki. Ƙullun ba ya son ruwa da yawa, ba ya son tauri. Sai a shafa wa kasko mai, a zuba, a baza da bayan ludayi ya yi faɗin tafin hannu biyu, a rage wuta. In gefensa ya fara ɗagowa da kansa, sai a juya. Ranar da ya fita lafiyayye, ja-ja-ja, na naɗe shi cikin tsumma irin yadda babanta ke naɗe nasa, na ɓoye. Da la'asar da ya shigo yara suka ruga, na fito da nawa ƙunshin na miƙa mata.

Ta buɗe, ta sansana, ta dube ni.

"Inna, wanga nawa ne ni ɗaya?"

Na ce nata ne ita ɗaya, ko yayanta ba za a ba ba. Ta zauna a kan tabarma ta cinye, tana kare shi da gwiwar hannu. Daga ranar kukan ya ragu. Cikin watannin da suka biyo ciki ya sace, gashi ya fara yin baƙi daga tushe. Kakanku yana gani, bai ce na yi daidai ba, bai kuma sake cewa a ba ta burodi ba. Wata rana ma ya shigo da ƙwaryar wake daga kasuwa ya ajiye a ƙofar ɗakina ya wuce. Da abin ya tsaya nan, da ba ni da labarin da zan ba ku.

Damina ta gaba gero ya yi kyau har ya fara fitar da kai, sai fara ta zo. Da rana tsaka gari ya yi duhu. Mutane suka fita gonaki da ganguna da ƙwarya suna bugawa, suna ƙona ciyawa, ba abin da ya hana. Da ta tashi, kara kawai ta bari a tsaye. Wake ma bai tsira ba. Kafin sanyi ya wuce hatsi ya ɓace a kasuwar Dutsi. Mutanen ƙauyuka suka fara shigowa gari da ƴaƴa a baya, wasu suka wuce kudu ba a sake jin labarinsu ba. Mata suka koma tonon gidan tururuwa don hatsin da ta tara, da jiƙa ƴaƴan anza na daji a fitar da ɗacinsu a ci. A cikin wannan hali gidanmu ne kaɗai a unguwa da ake tauna wani abu kullum, don Nasara bai daina cin burodi ba. Kakanku har karkaɗe buhunan da suka ƙare yake yi ya kawo garin, a dama. Mutane suna cewa Allah ya so mu. Ni kuwa ina kallon tukunyar wakena tana yin ƙasa.

Na yi dabara iyakar iyawata. Nakan ɗauki rabona na burodi in kai wa matan kasuwa su ba ni wake ko ɗan tafin hannu ne, mai ƙwari ma ina karɓa. Na rage faɗin wainar da nake gasa mata, na rage kaurinta, har ta zama ana ganin kasko ta cikinta. Daga baya ko da burodin ba a samun wake, don babu shi. Tunkuza ta ƙare, gero ya ƙare. Na yi mata kwanaki da ganyen tafasa busasshe, tana ci tana kuka. Rannan na dawo daga nema hannu wofi na tarar Iya ta zaunar da ita a cinya tana ba ta burodi jiƙaƙƙe. Ban iya hana ta ba. Iya ta dube ni ta ce,

"To hana ta mana. Hana ta, ki ba ta mi?"

Na bari ta ci, kuma abin da na sani zai faru ya faru. Wannan karon ya fi na da muni, don jikin ba shi da abin da zai tsaya a kai. Ƙafafunta suka kumbura, in ka danna da yatsa ramin ba ya komawa. Ta daina kuka ma.

A kasuwa na ji daga bakin wasu masu jakuna cewa wajen Tibiri farar ba ta yi ɓarna kamar tamu ba, fadama ta ɗan tsira. Na san yayana Nomau da ke can, mutum ne da ba ya rabuwa da irin shuka, yakan ajiye wake cikin tukwane da toka ya liƙe baki da laka. Na gaya wa kakanku zan kai Ramatu can. Ya ce ba inda za ni. Na ce zan tafi. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa mayar masa da magana haka ba.

"Mutane na gudowa daga ƙauye don yunwa, ke za ki bar abinci ki tahi ƙauye? Illa hwa?"

Illa a lokacin bai daɗe da yaye ba. Yaro ne mai ƙiba, mai surutu, burodin ya karɓe shi. Ba zan iya goya biyu ba, kuma in na kai shi can me zai ci? A nan ga abinci, ga Iya, ga yayansa. Na auna abin ta kowane gefe na ga barinsa shi ne daidai. Har yau in na sake aunawa, da abin da na sani a ranar, haka yake fitowa. Iya ta ce in na fita kada in dawo. Kakanku ya tafi bariki tun kafin in gama ɗaure kaya. Na goya Ramatu, na ɗora kaskona a ka. Illa yana wasa da murfin kwano a tsakar gida. Ban yi masa sallama ba don kada ya yi kuka. Babanku ne ya raka ni har bakin hanya, na ce masa ya kula da ƙanensa, ba zan daɗe ba.

Na bi masu jakunan nan. Ba zan ba ku labarin abin da na gani a hanya ba. Da muka isa, Nomau ya ɗaga zanen da na rufe ta da shi, ya dube ta, ya mayar. A gidansa ma sau ɗaya ake ɗora tukunya. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Matarsa tana tsaye tana ji, ta ce,

"Irin shuka ne hwa. In munka ci shi, mi za mu sa ƙasa in ruwa ya sauka?"

Gaskiya ta faɗa, ita ma tana da ƴaƴa. Nomau ya miƙe. Sannan ya shiga rumbu ya fito da tukunya ɗaya, ya fasa lakar da ke bakinta.

"Kulu, wagga taki ce. Sauran ko mutuwa za a yi ba ni taɓa su. Ki san yadda za ki yi da ita."

Da tukunyar nan na riƙe ran Ramatu har damina. Kullum nakan ɗebi abin da bai cika tafin hannu ba, in surfa, in niƙa, in haɗa da kuka da ɗan dusar da na samu a aikin daka a gidajen mutane. Nakan gasa a bayan ɗaki don kada ƴaƴan Nomau su ji ƙamshi, amma suna ji. Sukan zo su tsaya daga nesa, ba sa roƙo, kallo kawai suke yi. Ni kaina ban taɓa sa wainar nan a bakina ba duk zamana a can. Kumburin ƙafa ya sauka a hankali, zawo ya tsaya. Wata rana ta miƙe da kanta ta bi ni rijiya. Da ruwa ya sauka Nomau ya shuka abin da ya rage masa, gefe guda na gonar ya zauna ba wake. Matarsa ba ta sake yi mini magana mai daɗi ba har ta mutu, ban kuma ga laifinta ba.

Duk wannan lokaci ba wanda ya zo daga Dutsi. Na aika gaisuwa ta bakin matafiya, ba amsa. Na ɗauka fushi ne. Da aka fara cin sabon gero na kama hanya, Ramatu tana tafiya da ƙafarta, in ta gaji in goya ta. Ina ta tunanin yadda Iya za ta yi in ta gan ta.

Muka shiga gida da hantsi. Iya tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta ga Ramatu, ta gan ni, ta tashi ta shige ta saki labule. Babanku yana tsaye a gindin rumbu, ya yi tsawo ya rame. Bai zo wurina ba. Na duba tsakar gida, na duba ɗakina. Na ce ina Illa. Maƙwabciyarmu ce ta leƙo ta kan danga, ta ce in yi haƙuri, ƙyanda ta shigo gari da bazara ta kwashe yara da yawa, Illa yana cikinsu. Tun kafin ruwan farko aka rufe shi. Wato lokacin da nake can ina lissafin ƙwayar wake, ɗana ya riga ya daɗe a ƙasa.

Da kakanku ya dawo da la'asar ya tarar da ni zaune inda labarin ya same ni. Ramatu ta je ta kama rigarsa. Ya durƙusa ya shafa kanta, ya taɓa hannuwanta, ya ɗaga ta ya ji nauyinta. Na ce masa,

"Don mi ba ka aiko ba?"

Bai dube ni ba.

"Da na aiko da kin taho. Da kin taho da ita cikin ƙyanda, da jikin nan nata. Da biyu za mu rufe."

Ashe ya yarda da maganata tun tuni. Wannan ita ce kaɗai ranar da ya nuna, kuma ba ta amfane mu da kome ba. Iya ba ta sake cin abin da na dafa ba. Ta ce da uwar Illa tana nan da bai mutu ba, unguwa ta ɗauka. Wasu suka ce yaran da uwayensu ke kansu ma sun mutu, amma a hankali suke faɗa. Ni ban sani ba. Na tambayi kaina shekaru masu yawa ban samu amsa ba. Muka yi ta zama a gida ɗaya ba mai iya duban wani, har bayan sallar layya kakanku ya sallame ni. Bai yi da faɗa ba. Ya ce in tafi da Ramatu tunda ni na san abincinta, babanku kuwa zai zauna. Ramatu ta girma, ta yi aure, ta haifi ƴaƴa, ba ta sake sa alkama a bakinta ba har Allah ya ɗauke ta. Ku kun san ta, gwaggonku ce mai yawan dariya.

Ranar da zan bar gidan na roƙi babanku ya nuna mini inda aka sa ƙanensa, don har lokacin ba wanda ya nuna mini, ni kuma na kasa tambaya. Ya wuce gaba ina binsa, muka zaga bayan danga. Ya tsaya wajen wani ɗan tudu da ruwan sama ya kusa shafewa, ya nuna da haɓa. Na durƙusa. Na tambaye shi ko Illa ya sha wahala. Babanku yaro ne ɗan shekara tara a lokacin. Ya ce,

"Ya yi ta kiranki. Idanunshi sun rufe, bai gani. In ya ce Inna, ni nike amsawa."

Ya juya ya koma cikin gida.

Tun daga ranar bai sake kirana Inna ba. Yakan aiko mini da hatsi da zane kowace shekara, bai taɓa fashi ba, amma bai taɓa zama a tabarmata ba. In kun ga haka kada ku ce babanku mai taurin zuciya ne. Ni na ce masa ya kula da ƙanensa, kuma ya kula.